Kano zuwa Zanzibar a jirgin Ethiopian: ya yi wa mutanen Bauchi da Gombe araha?

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da hazo ke lulluɓe Bauchi da Gombe, leɓe na tsagewa, ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba, a Zanzibar zafi ake yi. Tsibirin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka hunturunmu shi ne lokacin zafinsu. Da rana ma'aunin zafi yakan kai 30 zuwa 32, ruwan teku kuma da ɗumi har yaro zai daɗe a ciki bai yi rawar ɗari ba. Shi ya sa ma'aikata masu hutun shekara, da 'yan kasuwa, da angwaye sabon aure suka fara tambayar hanyar zuwa can ba tare da an sayar da fili ba. Amsar da aka fi ba su ita ce jirgin Ethiopian daga Kano, a yada zango a Addis Ababa, a sauka Zanzibar. Wannan hanyar muka auna.

Hukuncinmu tun farko: ga mutumin Bauchi ko Gombe, ita ce hanya mafi dacewa, kuma sau da yawa ita ce mafi sauƙin kuɗi idan aka haɗa lissafin duka. Sai dai arahar ba a jikin tikitin take ba. Mutum biyu za su zauna kujera ɗaya kusa da ɗaya, guda ya kashe kusan ninkin abin da ɗan'uwansa ya kashe, don kawai ya sa abu na biyu a gaban na farko, kamar sayen tikiti kafin biza.

Sauran hanyoyin ba sa buƙatar dogon bayani. Kenya Airways yana zuwa Zanzibar ta Nairobi, amma daga Legas yake tashi, kuma kai kanka Legas daga Gombe wata tafiya ce mai zaman kanta da kuɗinta da kwananta. Qatar Airways yana da kyau, amma zai kai ka Doha, can arewa maso gabas, sannan ya dawo da kai kudu. Wannan sai mai nufin tsibiran Maldibs da ke kudu da Indiya. Ethiopian kuwa awa biyar ko ƙasa kaɗan daga Kano zuwa Addis, sannan kusan awa uku zuwa Zanzibar idan bai tsaya Kilimanjaro ba. Tikiti ɗaya, kaya kuma a yi musu lamba tun daga Kano har ƙarshen tafiya.

Biza kafin tikiti

A nan ne aka fi asara, don haka a nan za mu daɗe. Zanzibar ɓangare ne na Tanzaniya, kuma Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba wa 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Bature zai sauka ya biya a tagar shige da fice ya wuce. Mai koren fasfo dole ya nema ta intanet tun yana gida, a miƙa takardunsa sama a tantance, ya jira amincewa. Kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne, ba a mayarwa idan an ƙi. Jiran yakan ɗauki makonni, yana iya kaiwa wata biyu. Hukumar shige da ficen Tanzaniya da kanta tana ba masu irin wannan biza shawarar kada su biya kuɗin jirgi kafin amsa ta fito.

Ga inda kai ke kullewa: fom ɗin yana tambayar ranar zuwa da ranar komawa da wurin sauka. To yaya za a cike ba a sayi komai ba? Ejan mai sayar da tikiti zai iya kama maka kujera ba tare da ya yanki tikitin ba, ya buga maka takardar jadawalin tafiya. Otal kuma a kama irin wanda ake iya sokewa kyauta, ba wanda ake cire kuɗi nan take ba. Da waɗannan biyu, da hoton shafin fasfo, da hoton fuska, sai a cike. Mai niyyar tafiya a Janairu ya shigar da takardunsa a Oktoba. Idan ya bari sai Disamba, yana cikin ɗaya daga biyu: ko ya sayi tikiti ya yi ta addu'a, ko ya jira biza ta fito ya tarar kujeru masu araha sun ƙare.

A kula da shafin da ake cikewa. Akwai shafuka masu kama da na gwamnati, da tuta da tambari, waɗanda dillalai ne kawai, su karɓi ninki biyu ko uku su je su cike fom ɗin da kai ma za ka iya cikewa. Na gwamnatin Tanzaniya adireshinsa yana ƙarewa da go.tz. Idan amincewa ta fito a buga ta a takarda, kada a dogara da waya. Ma'aikatan awo a Kano ba za su ba ka katin shiga jirgi ba sai sun gan ta, domin idan suka ɗauki fasinja aka ƙi karɓarsa a can, kamfanin ne zai biya tara ya kuma dawo da shi.

Wanda lokaci ya ƙure masa, Ethiopian ɗin nan yana zuwa Mombasa ta Addis, kuma Kenya ta fi sauƙin shiga ga ɗan Najeriya nesa ba kusa ba. Bakin tekun Diyani yana kudu da Mombasa, farin yashi ne kamar na Zanzibar, yanayin ma ɗaya ne a wannan lokacin.

Sauran takardu uku ne. Fasfo ya zama da saura wata shida aƙalla daga ranar shiga. Katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa bayan an yi rajista an biya ta intanet. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har tsawon rai. Na uku shi ne wanda ake yawan mantawa: tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, dala 44 kan babban mutum, tana aiki har kwana 92. Ko kana da wata inshorar daga gida ba ta maye gurbinta. Ana saye ta intanet, a ba ka lamba mai zanen da ake haskawa da na'ura. Ke nan mata da miji sun riga sun kashe dala 188 tsakanin biza da inshora tun ba su taka jirgi ba. Ejan da bai faɗa maka wannan ba bai gama aikinsa ba.

Ranar da za a tashi

Daga wajen 20 ga Disamba zuwa makon farko na Janairu Zanzibar a hannun Turawa take, masu gudun ƙanƙarar ƙasashensu. Otal-otal suna ɗaga farashi, wasu su ce sai ka kama kwana biyar ko fiye, wasu su ɗora maka kuɗin liyafar daren sabuwar shekara ko ba za ka halarta ba. A ɓangarenmu kuma farkon Janairu ne mazauna ƙasashen waje da suka zo hutu gida suke komawa, jiragen fita daga Najeriya su cika. Tsakanin tsakiyar Janairu da tsakiyar Fabrairu ne taga mai kyau: ƙananan ruwan saman Nuwamba da Disamba sun ɗauke, manyan na Maris zuwa Mayu ba su iso ba, cunkoson ya lafa. A duba kalandar Musulunci ma. A 2026 azumi ya kama cikin Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Zanzibar gari ne na Musulmi, a watan azumi gidajen abincin cikin gari a rufe suke da rana.

Yadda farashin ke hawa yana da ƙa'ida. Kujerun gama-gari a ido iri ɗaya ne, amma a kwamfuta an kasa su aji-aji, kowane aji da harafinsa da farashinsa da adadin kujerunsa. Na araha ke fara ƙarewa. Idan magidanci ya nemi kujera biyar a lokaci guda, ajin araha kuma saura uku, na'urar ba za ta ba shi uku a araha biyu a tsada ba. Za ta ɗaga duka biyar zuwa aji na sama. Dabarar ita ce a fara neman farashin mutum ɗaya, sannan biyu, sannan uku, a ga inda ya yi tsalle. In ya yi tsalle a raba sayen gida biyu, kowane rukuni da babba a ciki, don ba a yanka wa yaro tikiti shi kaɗai a wannan tsarin. Jariri ƙasa da shekara biyu da ake riƙewa a cinya yawanci kusan kashi 10 cikin ɗari yake biya, yaro daga biyu zuwa 11 ana yi masa ɗan rangwame. A gwada ranaku daban-daban a shafukan kwatanta farashin jirgi irin Google Flights ko Skyscanner, don matsar da tafiya da kwana ɗaya ko biyu kan sauya farashi sosai. A kuma duba ranakun da jirgin ke tashi daga Kano kafin a cike takardar hutu a ofis, jadawalin yakan sauya daga kaka zuwa kaka.

Ejan ko manhaja

Farashin da dala yake, ana juya shi zuwa naira da canjin ranar, shi ya sa abin da aka faɗa maka ranar Litinin ba lallai ya kai Alhamis ba. Manhajar kamfanin tana aiki, amma katin naira yana da iyakar abin da banki ya yarda a kashe a waje, kuma tikitin iyali kan wuce iyakar. Mai asusun dala ba shi da wannan damuwar. Saura sai ejan, kuma a Bauchi da Gombe mafi yawansu gwanayen Umara ne da Dubai, ba kowa ya saba da Zanzibar ba. Ba laifi a yi amfani da su, kuɗin hidimarsu ma halal ne, amma a san abin da za a karɓa a hannunsu.

Kama kujera daban, yankan tikiti daban. Kujerar da aka kama tana da lamba mai haruffa shida, kuma tana da wa'adi. In wa'adin ya cika ba a biya kamfani ba, na'ura ta soke ta da kanta, takardar da ke hannunka ta zama takardar tsire. Tikitin gaske yana da lamba 13, na Ethiopian yana farawa da 071. Kada ka bar ofishin ejan, ko ka ɗauka an gama, sai ka ga wannan lambar a gaban sunan kowane fasinja, ka kuma shiga shafin kamfanin da kanka ka sa haruffa shidan da sunan mahaifi ka ga tafiyar ta fito. Ka ce a sa lambar wayarka da imel ɗinka a ciki, ba na ejan ba. Idan an sauya lokacin tashi can ake aika saƙo, kuma ejan mai fasinjojin Umara ɗari a kansa ba lallai ya tuna da kai ba.

Suna kuma a kwafe shi daga fasfo harafi da harafi. Muhammad, Mohammed, Muhammed, a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin na'ura mutum uku. Hajiya da kowa ya sani da sunan maigida amma fasfonta na ɗauke da sunan mahaifinta, na fasfon za a rubuta. Gyaran suna bayan an yanka yana cin kuɗi, wani lokaci sai an yanki sabo.

Shafukan waje masu nuna farashi ƙasa da na kamfani, a karanta su da kyau. Wasu suna haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban su sayar kamar ɗaya. In na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, kuma sai ka fita ka ɗauki kaya ka sake awo a ƙasar da ba ka da bizarta. Araha ba ta ado.

Kano ko Abuja, mota ko jirgi

Ethiopian yana tashi daga Abuja ma, wani lokacin farashin can ya ɗan fi sauƙi. Kafin a ruɗu a ɗora masa kuɗin zuwa. Daga Bauchi zuwa Kano ta Ningi, Birnin Kudu da Wudil kusan kilomita 300 ne, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Daga Gombe ta Dukku da Darazo ta fi haka tsawo. Abuja kuwa ta Jos yini guda ce, masaukinta kuma ya fi na Kano tsada, ga shi da wuya ɗan Bauchi ya rasa gidan ɗan'uwa ko aboki da zai kwana a Kano. Sai bambancin ya yi yawa sosai Abuja za ta ci riba.

Babban kuskure shi ne hawa jirgin cikin gida daga Bauchi ko filin Lawanti na Gombe zuwa Abuja da safe da niyyar kama na Addis da rana. A wane wata? A watan hazo. Ƙurar da ke tasowa daga arewacin Chadi tana iya rage gani zuwa 'yan ɗaruruwan mitoci, ƙananan filayen jirgi su ne farkon tsayawa, jirgin da zai ɗauke ka ma bai samu saukowa ba. Tikitin cikin gida da na waje ba su san juna ba. In ba ka bayyana ba, kamfani ya rubuta ka a wanda bai zo ba, ya soke har da na dawowa, ka biya tara da bambancin farashi kafin a sake ba ka kujera. Hazon zai iya jinkirta jirgin Ethiopian ɗin kansa a Kano, gaskiya ne, amma a nan nauyin a wuyansu yake: tikiti ɗaya ne, su za su sa ka a jirgi na gaba daga Addis.

A tsarin da aka saba, jirgin yana isowa daga Addis da tsakar rana ya juya bayan azahar. Ana son fasinja a filin Malam Aminu Kano awa uku kafin tashi, wato da hantsi. Mai cewa zai bar Bauchi bayan sallar asuba ya kama shi, taya ɗaya ce tsakaninsa da asara. A tafi ana gobe, a kwana.

Cikin jirgi da filin Bole na Addis

Hidimar cikin jirgi matsakaiciya ce mai kyau, ba ta kai ta jiragen Larabawan Gulf ba, ba ta kuma kunyata mutum. Nau'in jirgin yana sauyawa. In an dace da babba irin Boeing 787 akwai allo a bayan kowace kujera, in 737 ne kujerun sun fi matsi, a sauke wa yara abin kallo a waya tun daga gida. Ana ba da abinci mai zafi sau ɗaya, shinkafa ko taliya da kaza, kifi ko nama, da shayi da lemo. Ana raba giya ga mai so, a san da haka. Mai son abincin da aka ware wa Musulmi ya nema ta manhaja ko ta ejan kwana biyu kafin tafiya. In ba a nema ba, a zaɓi kifi.

Salla tana son tsari. A yi alwala a haɗa azahar da la'asar kasaru a Kano kafin shiga. Gabas aka nufa, rana tana saurin faɗuwa, agogon Addis kuma yana gaban namu da awa biyu, don haka magariba a sama za ta same ku. A haɗa ta da isha'i in an sauka, akwai wurin salla a filin. Abin da ke rikita mutanenmu shi ne alƙibla. Mun saba fuskantar gabas, amma Addis da Zanzibar kusan a layi ɗaya suke da Makka, alƙiblarsu arewa ce.

Filin Bole shi ne raunin wannan hanya. Tsarin kamfanin shi ne jirage su taru daga ko'ina a Afirka da daddare su sake watsewa, don haka lokacin da na Kano ke sauka shi ne lokacin da kowa ke sauka. Sau da yawa a bas ake kwaso fasinja daga gindin jirgi, a sake bin layin bincike, a cire takalmi da bel, ruwan gora da ya wuce mililita 100 a karɓe. Wurin zama yana ƙaranci, ƙofar shiga jirgi tana iya sauyawa, a riƙa duba allo kada a dogara da abin da aka buga a Kano. Abinci da dala ne kuma da tsada. Garin yana kan tudu sama da mita 2,300, darensa a Janairu sanyi ne na gaske. Rigar sanyin da aka baro Bauchi da ita kada a cusa ta cikin babban akwati.

Tazarar da ke tsakanin jirgi da jirgi ita ce abin dubawa kafin a biya. Ƙasa da awa ɗaya da rabi, mutum zai iya kamawa da gudu amma akwatinsa ya kwana. Awa biyu zuwa huɗu ya fi. Idan tazarar ta kai awa 8 zuwa 24, kuma babu wani jirgin da ya riga wanda aka ba ka, kamfanin yana ba da otal da abinci da motar kai da kawowa kyauta, shi ke kuma shirya takardar fita filin. Wannan yana daga cikin abin da ya fifita Ethiopian. Sharaɗin "babu wanda ya riga" shi ne tarkon: wanda ya zaɓi doguwar tazara da gangan don ta fi araha, alhali akwai gajeriya, ba lallai a ba shi ba. A tambaya a wurin awo a Kano a karɓi takardar otal ɗin tun nan. Ga mai tafiya da tsoho ko ƙananan yara, kwana a gado a Addis ya fi zaman kujerar ƙarfe har tsakar dare.

Kaya ba matsala ba ne. Yawancin tikitin gama-gari suna ba da akwati biyu, kowanne kilo 23, da jakar hannu kilo 7. A duba abin da aka rubuta a jikin naka. Ba a haɗa lissafin: akwati mai kilo 28 zai biya ko da ɗayan 10 ne. A tabbata takardar da aka liƙa wa akwati ta nuna ZNZ, wato alamar filin jirgin Zanzibar, a adana guntun da aka ba ka, da shi ake cigiya. Magani, kaya sawu ɗaya, caja da batirin ajiyar wuta duk a jakar hannu. Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun 2019, a bar baƙar leda a gida. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu.

Inda sauran kuɗin ke zurarewa

Filin Abeid Amani Karume yana dab da tsohon garin Zanzibar, amma bakin tekun da ake gani a hoto yana nesa. Nungwi da Kendwa a arewa kusan awa ɗaya da rabi a mota, Paje da Jambiani a gabas kusan awa ɗaya. A daidaita kuɗin mota da otal tun kafin zuwa, musamman mai sauka cikin dare. Akwai motocin haya da ake kira daladala daga kasuwar Darajani, araha ƙwarai, amma ba na mai akwati biyu da iyali ba ne. Mai saukar asuba ya tuna ɗakin otal sai wajen ƙarfe biyu na rana ake bayarwa, ya nemi alfarmar shiga da wuri a rubuce.

Zaɓin bakin teku ya fi zaɓin otal muhimmanci. A gabas teku tana janyewa nesa ƙwarai sau biyu a yini, ta bar fili mai ciyawar ruwa inda matan ƙauye ke noman ta a jikin igiyoyi da turaku. Ba a iyo sai ta dawo, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. Janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da kuma 14 da 15 ga wata. A Nungwi da Kendwa ruwa ba ya gudu haka, ana shiga kowane lokaci, shi ya sa suka fi tsada, suka kuma fi cika da Turawa masu shigar wanka da kiɗan dare. Magidanci mai iyali zai fi sakewa a Jambiani ko Matemwe, ya tsara wankansa da jadawalin ruwa da otal ke liƙawa. A sayi takalmin roba na shiga ruwa, akwai wata halitta mai ƙaya a ƙarƙashi, in an taka ta hutun kwana biyu ya tafi.

Kada a biya otal mai tsarin ci da sha duka a ciki. Kaso mai tsoka na wannan kuɗin na giya ne, kai kuma ruwan kwakwa za ka sha. A kama mai karin kumallo kawai, rana da dare a ci a gidajen abincin 'yan gari: shinkafar filau, biriyani, kifi gasasshe, naman kuma yankan Musulmi. Da yamma a tsohon gari akwai kasuwar abinci ta Forodhani a bakin ruwa, a tambayi farashi kafin a ɗora a wuta. Akwai harajin 'yan daloli kan kowane mutum kowane dare da ake biya a otal, sau da yawa ba ya cikin farashin da aka gani a intanet. Dalar da za a saya wurin 'yan canji a zaɓi sabuwar bugawa, marar yagewa ko tambarin biro. Tsohuwa ana ƙin ta, kuma takardar 50 da 100 ta fi ƙanana daraja a canji zuwa shilin, kuɗin Tanzaniya.

Wasu kan ba da shawarar a sauka Darussalam, babban birnin gaɓar tekun Tanzaniya, a hau jirgin ruwa zuwa tsibirin, tafiyar kusan awa biyu. In an haɗa tasi zuwa tashar ruwa, da tikitin baƙo wanda ya fi na ɗan ƙasa, da yiwuwar kwana idan an sauka bayan jirgin ƙarshe na yamma, ribar takan narke. Inshorar dala 44 kuma tana jiranka a tashar ruwan.

Dawowa tana da tarko biyu na agogo. Jirgin da ke haɗuwa da na Kano na safe yakan bar Zanzibar cikin talatainin dare. Idan tikiti ya ce Talata ƙarfe uku na dare, ranar Litinin da daddare za a bar otal, ba ranar Talata da daddare ba. Mutane na rasa jirgi da kwana guda cur a kan wannan. Na biyu, Waswahili, wato mutanen can, suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, abin da muke kira ƙarfe bakwai na safe su ƙarfe ɗaya suke ce masa. In ana shirya mota da direba a rubuta masa lokacin da lambobi, a nuna masa a fuskar waya, a sa ma'aikacin otal ya maimaita masa. Jirgin yana sauka Kano wajen tsakar rana. In kaya sun fito da wuri ɗan Bauchi zai iya samun mota ya isa gida wajen isha'i. Ɗan Gombe ya kwana a Kano, ya kama hanyar Darazo da safe.